Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka auna hidimar tsohon magajin gari a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Idan tsohon magajin gari ya rasu a ƙasar Maraɗi, maganar da ake yi a kan tabarmar gaisuwa ba ta da yawa. Wani ya ce mutumin kirki ne, wani ya ce ƙofarsa ba ta rufuwa, wani ya tuna ranar da ya sa aka ɗauki matarsa da motar ƙaramar hukuma zuwa asibiti tana naƙuda. Sai a yi addu'a a shafa, a tashi. Duk wannan shaida ce mai kyau, kuma mamaci yana bukatarta. Amma mutumin da ya riƙe al'amuran dubban jama'a shekara biyar ko goma ya cancanci a san ainihin abin da aka ɗora masa, da abin da aka ba shi ya yi aikin da shi. Waɗanda aka fara zaɓa a 2004 sun manyanta yanzu, samarin da aka haifa a shekarar kuma sun yi aure. Lokaci ya yi da za a bayyana wa masu tasowa mene ne wannan aiki.

Kujerar ba tsohuwa ba ce

Sunan dai tsoho ne. Magajin Gari sarauta ce da aka daɗe da sani a fadojin ƙasar Hausa, kuma ita aka aro aka laƙaba wa zaɓaɓɓen shugaban ƙaramar hukuma a Nijar. Kujerar kanta kuwa jiya-jiya aka kafa ta a karkara. Daga zamanin kwamandan na Turawa har bayan samun 'yancin kai a 1960, mai mulkin gunduma daga sama ake turo shi, sarakuna da masu gari kuma su ne tsaninsa zuwa ga talakawa.

Babban Taron Ƙasa na 1991 ya ɗaga maganar a sakar wa jama'a ragamar garuruwansu, yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen arewa ta watan Afrilun 1995 kuma ta ƙara mata ƙarfi. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, zamanin Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, amma rigimar sakamako ta cinye shi, kuma a watan Afrilun shekarar aka kashe shugaban. Sai a 2002 aka yi dokokin da suka raba ƙasar zuwa ƙananan hukumomi 265, aka yi zaɓe ranar 24 ga Yulin 2004, a mulkin Mamadu Tanja.

Gundumomin nan uku suna da ƙananan hukumomi tara. Agye tana da Agye da Cadawa. Gazawa, wadda sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tana da Gazawa da Gangara. Gidan Rumji tana da biyar: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 500 a gundumar Gidan Rumji kaɗai, wajen dubu 246 a Agye, dubu 160 a Gazawa. Ka raba wannan jama'a ga mutum tara, sai ka ga nauyin da ke wuyan kowannensu.

Kuma tafiyar ba ta zo a miƙe ba. Zaɓen da aka yi a Disambar 2009, lokacin Tazarce, ya rushe da juyin mulkin Salu Jibo na Fabrairun 2010. Waɗanda aka zaɓa a Janairun 2011 sun yi kusan shekara goma a kan kujera saboda ɗage zaɓe da aka riƙa yi, har zuwa 13 ga Disambar 2020. Saboda haka in an ce wane tsohon magajin gari ne, tambayar farko ita ce: na wane zubi? Na 2004 ya tarar da fili ne fetal, wani ma ofishin haya ya fara da shi. Na 2011 ya samu dogon lokaci, uzurinsa bai kai na wancan ba. Na 2020 kuwa bai kai ƙarshen wa'adinsa ba.

Ba jama'a ke zaɓensa kai tsaye ba

Mutane da yawa har yanzu ba su rarrabe wannan ba. A tsarin da aka bi har zuwa 2024, talaka jam'iyya yake jefa wa ƙuri'a, jam'iyyu su samu kansiloli gwargwadon ƙuri'unsu, kansilolin kuma su zauna su fitar da magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Su ne kuma za su iya kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna su sauke shi. Gwamnati ma daga Yamai tana da ikon tsige shi idan bincike ya kama shi da laifi, kuma an yi hakan ga magadan gari da dama a faɗin ƙasa. A samansa akwai farfe, wakilin gwamnati a gunduma, mai duba ko shawarwarin majalisa sun dace da doka. A gefensa akwai sarakuna, waɗanda doka ta ba su wurin zama a majalisar don su ba da shawara, ko da yake ba su kaɗa ƙuri'a.

Ka ɗauki Tsibiri. Gari ne da Gobirawa suka kafa a ƙarni na 19 bayan yaƙe-yaƙen jihadi, kuma nan fadar Sarkin Gobir take. Magajin garin da ke aiki a inuwar irin wannan fada dole ya san yadda ake tuɓe takalmi, ya kuma san inda ikonsa na doka ya fara. Wanda ya raina sarauta ba zai tara haraji ba. Wanda ya narke a cikinta kuma ya bar amanar da aka zaɓe shi dominta. A ganina, iya tafiya tsakanin farfe da sarki da kansiloli ba tare da aikin jama'a ya tsaya ba, shi ne gwaninta ta farko da ya kamata a yaba wa duk wanda ya yi ta, domin ba a ganinta a jikin gini.

Dokar kaso ta 2000 ce ta buɗe wa mata ƙofar waɗannan majalisu, da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Yana da kyau a tambayi matan da suka yi kansila ko shugabansu yana barinsu su yi magana a zaman majalisa.

Asusun da ake aiki da shi

Nan ne yawancin masu zargi ke zamewa. Ana kallon magajin gari kamar ƙaramin gwamna, alhali kuɗin da ke shigowa hannunsa ba su taka kara sun karya ba. Babban abin dogaro a karkara shi ne harajin kai, wanda mutane ke kira lanho. Shekaru da dama sefa 700 ne a kan kowane baligi, wato dala ɗari da arba'in a lissafin kasuwa, bai ma cika jika ɗaya ba. Masu gari ke tattarawa, a ba su ladansu daga ciki. In damina ta yi kyau a samu wani abu. In ba ta yi ba, ko kuma shekarar zaɓe ce da kowane ɗan siyasa ke tsoron ɓata wa mai ƙuri'a, sai a tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Sai kuɗin kasuwa, na tasha, na kara inda ake cinikin dabbobi, da na sayar da filaye. A nan sa'a ta bambanta. Cadawa tana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Gidan Rumji da Tsibiri, ta wuce Maraɗi, ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, kuma kasuwarta ta hatsi da aya sananniya ce har Najeriya. Ƙaramar hukumar da ke can cikin tudu, nesa da kwalta, ba ta da wannan gata. Bai kamata a ɗora su a sikeli ɗaya ba.

Gwamnati ta kafa hukumar ANFICT a 2008 domin ta riƙa zuba wa ƙananan hukumomi tallafi, a 2016 kuma aka fitar da dokar miƙa musu wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Kukan da magadan gari suka daɗe suna yi shi ne an miƙo aiki, kuɗin aikin bai biyo baya yadda ya kamata ba. Shi ya sa mafi yawan azuzuwa da rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani da ake gani a ƙauyuka, da kuɗin ƙungiyoyi da ayyukan raya ƙasa aka yi su. Wannan bai rage wa magajin gari lada ba. Mai ba da tallafi ba ya zuwa sai ya ga tsarin raya ƙaramar hukuma a rubuce, sau da yawa kuma sai an ajiye wani kaso daga asusun gida. Wanda ya iya rubuta tsarin, ya tara kason, ya bi takarda har Maraɗi da Yamai, ya kuma hana a kai rijiyar ƙauyen da ya fi ba jam'iyyarsa ƙuri'a alhali wani ƙauyen ya fi ƙishi, ya yi aiki.

Takardar haihuwa

Har zuwa 2024, magajin gari shi ne jami'in rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Aiki ne maras amo, ba a yanka masa kirtani, ba a gayyato 'yan jarida. Amma yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan tarar da ƙofa a rufe ranar da ya zo rubuta jarrabawa, ko neman katin ɗan ƙasa, ko shiga aikin gwamnati. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. In lokacin ya wuce sai an bi ta hannun alƙali, shi ya sa ake shirya zaman kotun tafi-da-gidanka a ƙauyuka don a yi wa ɗaruruwan yara takarda a rana guda. A jihar da ake haihuwa sosai kamar Maraɗi, magajin garin da ya tsaya ungozomomi da masu gari suka riƙa kai sunayen jarirai, ya kuma zauna ya sa hannu a kan takardun ba su taru suna shan ƙura ba, ya taɓa rayuwar mutane fiye da wanda ya gina babbar ƙofar shiga gari.

Gona, burtali da mashaya

A nan zan daɗe, domin a nan ne ake gane namijin aiki. Kudancin Maraɗi yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta. Saura ta ƙare, wato ba a barin gona ta huta. Da ƙasa ta yi ƙaranci sai garma ta fara cin burtali, ta ci makiyaya, ta kewaye tafkin da shanu ke sha. Makiyayi kuma dole ya haura arewa da damina, ya gangaro da kaka, ko akwai hanya ko babu.

Mutanen wannan yanki sun san inda wannan ke kaiwa. A watan Oktoban 1991, a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari, yawancinsu mata da yara na Fulani. Har yau ba a ambaton sunan garin ba tare da jiki ya yi sanyi ba. Bayan shekara biyu, a 1993, Nijar ta kafa dokar karkara wadda a ƙarƙashinta aka riƙa kafa kwamitocin kula da filaye: na gunduma, na ƙaramar hukuma, da na ƙauye. Har zuwa 2024, magajin gari ne ke shugabantar na ƙaramar hukuma. A teburinsa ake haɗa sarakuna, ma'aikatan gona da na dabbobi da na daji, wakilan manoma, na makiyaya, na mata da na matasa.

Aikin kwamitin shi ne a san iyakar burtali a kafa masa alama, a rubuta cinikin gona da jingina da aro da kyauta don kada magada su zo su yi musu, a kuma sanar da jama'a ranar sakin gonaki, wato ranar da aka yarda an gama kwashe amfani dabbobi za su iya shiga su ci kara. Sulhun rikici kuwa a hannun sarakuna yake tukuna, in ya gagara a tafi kotu. To amma kowa ya san idan shanu suka kwana a gonar wake, wayar magajin gari na cikin waɗanda ke fara ƙara da asuba.

Abin da ke sa wannan aiki wuya shi ne ƙuri'a. Manoma su ne masu rinjaye, su ne 'yan'uwansa, a cikinsu zai ci gaba da zama bayan ya sauka. Makiyayin da ke wucewa sau biyu a shekara wataƙila ma ba a nan yake zaɓe ba. Magajin garin da ya tsaya a gaban ɗan'uwansa ya ce masa, "Baba, wannan kunya biyar da ka ƙara cikin burtali suke, sai dai a haƙura da su," ya san ya yi asarar gida guda a zaɓe mai zuwa. Irin wannan mutum ba a rasa shi ba a ƙasar nan, kuma sakamakon aikinsa shi ne faɗan da bai auku ba. Abin da bai auku ba kuwa babu mai tuna shi a wurin gaisuwa, sai fa in an tambayi ardo.

Haka batun gonar mata. Musulunci ya ba 'ya mace rabonta na gado, amma a ƙauyuka da yawa idan ƙasa ta yi kaɗan ita ake fara mantawa da ita, har ɗan gamanar da miji ke yanka wa matarsa ma ya soma gagara. Takardar shaida ɗaya daga kwamitin filaye tana iya tsare wa marayu abin da za su ci.

Itatuwan Agye

Abin da ya fitar da sunan Agye a duniya shi ne sassaben zamani: manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututture, ya zaɓi masu ƙarfi ya yi musu aski su zama itace, maimakon ya share gona ƙaf ya ƙone. Tun shekarun 1980 aka fara yaɗa dabarar a ƙasar Maraɗi, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙauyen Ɗan Saga ya zama wurin da baƙi daga ƙasashe ke zuwa kallo, saboda kwamitin da mutanensa, maza da mata, suka kafa na tsaron itatuwa. Ayyukan da asusun FIDA ya tallafa a Agye sun taimaka ƙwarai.

Gaskiya a faɗe ta: wannan nasarar manoma ce, kuma ta girmi ƙananan hukumomi. Babu magajin garin da zai ce shi ya shuka gawo ko kalgon da ke gonakin mutane. Rabonsa a ciki shi ne ko ya goyi bayan dokokin da ƙauyuka suka kafa wa kansu, ko ya tsaya wa manomi a kan masu saran dare, ko ya daidaita tsakaninsa da ma'aikatan daji.

Shekarar yunwa, da shekarar baƙi

Zubin farko bai cika shekara a ofis ba yunwar 2005 ta faɗo, bayan fari da farin ɗango na daminar 2004. Jihar Maraɗi, duk da ita ce rumbun ƙasa, tana cikin inda tamowa ta fi kama yara. Mutanen da ba su gama koyon rubuta kasafi ba suka tsinci kansu suna tsara sunayen mabukata, suna rakiyar motocin cimaka, suna sa ido a kan sayar da hatsi da rahusa da kafa rumbunan tsimi. A irin wannan rabo ake gane mai tsoron Allah, kuma tsofaffin mata ba su manta wanda ya sa sunansu da wanda ya tsallake su ba.

Gidan Rumji kuma ta ga nata gwajin daga 2019, lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutane suka riƙa tsallako iyaka. Kafin shekarar ta ƙare sun haura dubu 40 a jihar Maraɗi, akasari mata da yara. Kafin wata ƙungiya ta iso, talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka buɗe musu ɗakuna da rumbuna, don harshe ɗaya ne, wasu ma dangi ne na jini. Daga baya aka matsar da wasu can ciki, zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka zaunar da su kusa da 'yan gari suna shan rijiya ɗaya, 'ya'yansu suna aji ɗaya. Samo filin da za a zaunar da su, da lallashin masu gonakin, da kashe wutar ƙorafin cewa baƙo ya fi ɗan gari samun tallafi, duk sun ratsa ta ofisoshin magadan gari da fadojin sarakuna. A lokaci guda kuma satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka tsallako, alhali magajin gari ba shi da soja ko ɗaya a ƙarƙashinsa.

Inda ake tuntuɓe

Ba a yi wa kowa adalci ba in aka ɓoye wannan. Yanka filaye da sayar da su shi ne ramin da ya fi cinye magadan gari a Nijar: gonakin bakin gari su zama fuloti, kuɗin su bi ta inda ba a sani ba, wani lokaci fili ɗaya a ba mutum biyu. Akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma da suka yi watanni ba albashi. Akwai majalisun da gabar jam'iyya ta hana su zama. Idan ana tuna mutum da alheri, a duba ko filin makaranta da na maƙabarta da na kasuwa suna nan yadda ya tarar da su. Wanda ya sauka ya koma gidansa na da, ya ci gaba da noma gonarsa ta gado, jama'a sun riga sun san abin da hakan ke nufi.

Bayan Afrilun 2024

Ranar 4 ga Afrilun 2024, Janar Abdurahman Tiani ya rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a duk faɗin Nijar, aka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki, su riƙe ragamar. Da wannan, kowane zaɓaɓɓen magajin gari a Agye da Gazawa da Gidan Rumji ya zama tsoho a rana ɗaya. Wasu sun koma aji suna koyarwa, wasu kasuwa, wasu gona. Har yanzu ana tsayar da su a hanya a tambaye su yadda ake cika takarda, ana kiransu ɗaurin aure da sulhu, kuma sunan bai bar bakin mutane ba: ranka ya daɗe, magajin gari.

Shekara ashirin ɗin nan tarihi ne da ya cancanci a rubuta tun masu shi suna da rai. Kayan rubuta shi suna nan kusa: littattafan rajistar haihuwa da ke jibge a ofisoshin Cadawa da Gangara da Gidan Sori, rahotannin zaman majalisa, takardun cinikin gonaki, taswirar burtali. Gara da ruwan damina ba su jira. Gidajen rediyon karkara za su iya zaunar da tsofaffin magadan gari da kansilolinsu mata da masu garin da suka tara musu lanho, a naɗi muryoyinsu. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi mai neman abin da zai yi bincike a kai, motar Tasawa ɗaya ce tsakaninsa da Agye, kuma a shafin farko na rajistar shekarar 2005 zai ga sa hannun mutumin da ya kamata ya fara nema.